Hular Mushe A Launi Sha Shida

Yaushe ƙaryar ta fara? Ranar da aka ɓoye wa tsohon mutuwar ɗansa ne, ko ranar da aka fara nuna masa tsofaffin hotuna ana barinsa yana zaton sababbi ne, ko kuwa sai wannan safiyar Jumma'a da Fasuma ta turo wayarta kan teburin Lawali? Shi dai Lawali ya juya tambayar ya sake juyawa, bai taɓa samun ranar da zai ɗora wa yatsa ba.

"Duba da kyau, Yaya," in ji Fasuma. "Kada ka yi saurin magana."

Ya duba. Saurayi ne tsaye gaban bangon bulo marar shafe, hannuwa a baya, kansa sanye da hula mai shuɗi da ruwan ɗorawa. Lawali ya san hular. Ta Mushe Sallau ce (Mushe ake kiran malamin boko a nan), mahaifin Fasuma, wadda marigayiya matarsa ta ɗinka masa da hannu shekarar da ya bar koyarwa. Ya kuma san saurayin. Ba Nabil ba ne, domin Nabil, autan Mushe, wata biyar ke nan yana kwance cikin ƙasar Tamanrasset. Ya'u ne, ɗan ƙanen Mushe, mai noman albasa a Jiratawa da rani, mai kabu-kabu da damina.

Lawali ya mayar mata da wayar da ɗan yatsa guda, kamar tana da zafi. Ya ce ba zai yi ba.

Shagon Lawali a unguwar Zariya ta Maraɗi yake, wani siririn ɗaki tsakanin tela da mai sayar da siminti. A nan yake buga katin biki, yana gyara wa Alhazai ordinatar shagunansu, wato kwamfuta, in ta ƙi tashi. Wannan shi ne abin da ake ci. Amma aikin da ya cinye masa shekara uku, wanda matarsa Salima ke kira shiririta in ranta ya ɓaci, wani abu ne dabam, kuma saboda Mushe aka fara shi.

Mushe Sallau ya koyar shekara talatin da huɗu. A 1987 wani Bafaranshe abokin aikinsa, da zai koma gida, ya bar masa wata 'yar ordinatar irin ta zamanin: maɓallai na roba, babu fuska sai a jona ta da tele, kuma duk abin da za ta karanta daga kaset take karanta shi, irin kaset ɗin waƙa. Lawali maƙwabcinsu ne a Tsibiri, ya bar lakwal, makarantar boko, daga aji shida. A gaban wannan na'ura, a ɗakin Mushe, ya koyi duk abin da yake ci da shi yau. Sauran ya tsinta da kansa, nan da can.

Yanzu Mushe ya kusa tamanin. Ciwon sukari ya ci rabin ganinsa, kunnensa ya yi nauyin da sai an sunkuya an ɗaga murya. Hoton waya ba ya ganin komai a cikinsa sai ruwa-ruwa. Amma manyan ɗigogin tsohuwar na'urarsa, masu kaifin launi, in ya kusanto da hanci jikin gilashin tele, yana ganinsu. Kuma ko da yana gani, bai yarda da waya ba. Yakan ce a waya kowane yaro na iya ɗora wa jaki rawani, tasa kuwa ba ta da wayon da za ta yi ƙarya.

Shi ya sa da Nabil ya tafi Aljeriya neman aikin gini ya fara turo wa Fasuma hoto duk wata, Lawali ya zauna ya rubuta lojisiyel, wato shirin da zai karɓi hoton waya ya mayar da shi abin da tsohuwar za ta iya nunawa. Ba ƙaramin aiki ba ne. Launi sha shida kacal ta sani a duniya, kuma a kowane jerin ɗigo takwas ba ta yarda da fiye da launi biyu. Abin da ya fi damun Lawali shi ne a cikin sha shidan nan akwai ruwan hoda, akwai shuɗin sama kala biyu, amma babu launin fatar mutum irin nasu. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin wata rana za a nemi ta nuna Bagobiri ba.

Shirin farko da ya rubuta yakan fito da riga daidai, bango daidai, sannan a inda fuska take sai wani dunƙule baƙi da ja da fararen ido biyu. Mushe ya duba ya duba, ya ba shi huɗu bisa ashirin. Bai taɓa daina ba da maki ba, ko ga tuwon da aka kawo masa.

Daga nan Lawali ya koyi cakuɗa ɗigo: ja kusa da baƙi, ruwan lemo kusa da toka, kamar mai saƙa tabarma, yadda in ido ya haɗa su zai ga launin da na'urar ba ta da shi. Hoton Mushe kansa ya riƙa gwadawa da shi, saboda tsagen Gobirawa da ke kumatunsa, siraran layuka daga gefen baki zuwa kunne. Sau goma sha uku yana sake rubutun, tsagen na ɓacewa. A na sha huɗu suka fito. Ranar Mushe ya bi su da yatsa a jikin gilashi yana ƙirgawa, shida a nan, bakwai a can, sannan ya ce sha takwas. Ashirin, in ji shi, bai taɓa ba ɗan Adam ba.

Lawali ya saka shirin a wani dandalin intanet na Turawa masu son tsofaffin na'urori. Mutum tara suka ɗauka. Guda ya rubuto cewa abin sha'awa ne, amma me ya sa ya ɓata lokaci haka a kan fuska.

Sai Nabil ya faɗo daga hawa na uku na wani gini, aka binne shi can a ranar. Likita ya riga ya gaya wa Fasuma cewa zuciyar mahaifinta ba za ta ɗauki labari mai nauyi ba. Aka yi zaman makoki a gidan mijinta cikin Maraɗi. Duk mai zuwa gaida Mushe a zaure ake tare shi a ja masa kunne. Tsibiri kaf ta sani, sai shi.

Akwai hotuna biyar da Nabil ya turo waɗanda ba a taɓa nuna wa tsohon ba. Su aka riƙa fitarwa ɗaya-ɗaya, wata-wata. Lawali ya yarda da wannan bisa wata ƙa'ida da ya gindaya wa kansa: hoton na Nabil ne da gaske, a jikin kaset ɗin suna kawai yake rubutawa ba ya sa watan da aka ɗauka, kuma in Mushe ya tambayi lafiyar yaron, Fasuma ke amsawa. Shi bai taɓa furta komai ba.

Yanzu hotunan sun ƙare. Ba kuma za a iya maimaita wani ba, domin Mushe ya haddace kowane, har inuwar da ke bayan ɗansa. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana kama masu satar amsa ba a sake masa tsohuwar takarda. Sannan ga hula. Wata biyu da suka wuce ya cire ta daga kansa ya ba Fasuma, ya ce a ba direban Agadas ya sadar da ita, kuma a gaya wa Auta ya sa ta ya turo hoto. Hular ba ta wuce ƙarƙashin zannuwan Fasuma ba. Tun daga nan kullum sai ya tambaya.

"Jiya ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa," in ji Fasuma. "Likita ya ce mu bar wahalar kawo shi. Ka gane mi ake nufi."

Lawali ya ce ya gane. Ya ce amma waɗancan hotunan Nabil ne, wannan kuwa wani mutum ne dabam. Ya yi mata bayani a tsanake, yadda yake yi wa kansa, cewa akwai bambanci tsakanin barin mutum cikin abin da ya zata da kuma gina masa abin da babu. Ya ce Mushe ya ba na'urar nan amanar da bai ba kowa ba, kuma shi aka ɗora a kan amanar.

Fasuma ta saurare shi har ya gama, tana kallon laka da ta bushe a bakin zanenta. Mace ce mai shekara arba'in, mai sayar da atamfa, ba ta saba ɗaga murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Wata biyar kana zuwa kana zama kan tabarmarmu, kana shan furarmu, kana yin shiru," in ji ta. "Ni ke buɗe baki in ce Nabil na gaishe ka, Baba, Nabil ya samu ƙarin albashi, Baba. In fita bayan ɗaki in yi kuka in wanke ido in dawo. Kai kuma ka koma gida da hannunka fes. Ashe shirun nan naka gaskiya ne, ban sani ba."

Ya ce ba zai rubuta sunan Nabil a kan fuskar wani ba, kuma ba zai ce shi ne ba.

Ta ce to. Ta ce ta riga ta turo masa hoton a wayarsa, ya goge in ya ga dama. Ta ce Baba ya san yau ce Jumma'ar hoto, tun asuba ya sa aka yi masa wanka. In Lawali ba zai zo da hoto ba, ya zo da kansa ya faɗa masa dalili, domin ita ƙaryarta ta ƙare.

Bayan ta fita ya zauna yana jin keken tela ta bayan bango. Bai goge hoton ba. Ya gaya wa kansa gwaji kawai zai yi, don ya nuna mata ko ya yarda abin ba zai yiwu ba. Ya saka hoton cikin shiri na sha huɗu, ya danna.

Ya'u ya fito. Ba kama da Ya'u ba, Ya'u kansa: faɗin hancinsa, ƙashin kuncinsa mai tudu, da tsagen da wanzami ya yi masa yana ɗan kwana bakwai, layi-layi, ana iya ƙirgawa. Nabil ba shi da tsage, Mushe ya hana a taɓa fuskar 'ya'yansa da aska. Abin da ya fara zuwa wa Lawali a zuciya, kafin kunya ta biyo, daɗi ne. Bai taɓa ganin aikinsa ya fito da fuska da kyau haka ba. Ya gwada shafe tsagen a hoton kafin ya juya shi. Bai yi amfani ba. Shirin ya riga ya iya ƙashi da inuwa, ya san bambancin mutum da mutum. Shekara uku ya yi yana koya masa haka.

A can ƙasan dosiyen, ma'ajiyar shirye-shiryensa cikin ordinatar, akwai shirin farko, mai huɗu bisa ashirin, wanda bai buɗe ba tun shekarar da ya rubuta shi. Idonsa ya tsaya a kan sunan. Ya rufe ordinatar ya tafi masallaci.

Bai ji huɗubar ba. A sahu yana ta auna abu guda: in ya faɗi gaskiya tsohon ya mutu yau, shi ya kashe shi? In ya yi ƙarya tsohon ya mutu jibi yana murmushi, wa aka cuta? Ya ga kamar wanda aka cuta Nabil ne, wanda ubansa bai taɓa roƙa masa gafara irin ta mamaci ba, ko sau ɗaya, sai addu'ar Allah Ya kiyaye hanya. Wannan tunanin ya tsaya masa. Da aka sallame ya yanke cewa zai je ya faɗa. Jakar ordinatar kuwa ya rataya ta ne kawai don bai saba zuwa Tsibiri babu ita ba.

A bakin shago ya tarar da Ya'u bisa babur, Fasuma ta aiko shi. Suka gaisa kowa na kallon wani wuri.

Sun haye Gulbi, ruwan ja ya cika har yana lasar gindin itatuwa, kafin Ya'u ya yi magana. Gero ya kai kafaɗa dama da hagu, hadari na haɗuwa ta gabas. Yana tuƙi yana jefo maganar ta bisa kafaɗa. Ya ce a bayan wani kango a Jiratawa aka ɗauki hoton, Fasuma ta sa shi ya sake tsayuwa sau shida, wai Nabil ba ya buɗe ƙafa kamar mai shirin kokawa. Ya ce shi duk rayuwarsa Baba bai taɓa kiransa da suna ba sai "kai, jahilin nan", saboda ya gudu daga lakwal a aji biyu, yau ga shi zai shiga tele.

Ya yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba. Can ya ce hular ta yi masa daidai kamar an auna, kuma da ya cire ta sai ya ji kamar ya saci wani abu. Lawali ya ce kada ya damu, ba za a nuna hoton ba. Ya'u ya ce to, alhamdu lillahi. Daga yadda ya faɗa, Lawali bai gane ko daɗi ya ji ba.

Gidan Mushe na bayan kasuwa. Ya'u ya tsaya a zaure. Fasuma na tsakar gida tana wanke kwanonin da a wanke suke. Ta dubi jakar, ta dubi fuskarsa, ta koma kan kwanonin.

Tsohon na zaune a kujerarsa gaban tele, cikin farar rigar salla, kansa babu hula, furfurar a kwance. An ɗora kumburarrun ƙafafunsa kan matashi. An yaye ƙyallen da ake rufe na'urar da shi, an goge ta. Kusa da ita ga kwalin kaset, a jere, kowane da rubutun Lawali a gefe, tun da hannun Mushe ya fara rawa.

"Ka makara," in ji Mushe, da babbar muryar masu nauyin kunne. "Da a aji ne da ka durƙusa bakin ƙofa."

Lawali ya durƙusa ɗin ya gaishe shi. Mushe ya lalubo kafaɗarsa ya riƙe. Numfashinsa gajere ne, yana yanke magana biyu-uku. Ya ce Fasuma ta gaya masa hular ta isa tun makon jiya. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa Lawali ba. Ranar da Auta zai tafi ya zo sallama, ya durƙusa nan inda Lawali yake, ya miƙo hannu. Shi kuma ya juya fuska bango, ya ce bai koya wa yaro Faransanci shekara goma sha uku don ya je ya ɗauki wa Larabawa siminti ba. Yaron ya daɗe da hannunsa a miƙe, sannan ya tashi. Shekara huɗu ke nan.

"Ban iya ba yaro haƙuri da baki ba," in ji shi. "Ba a koya mana ba. Amma ya san hular nan, ya san wa ta ɗinka ta. In ya sa ta, na san mun gama. In bai sa ba, shi ma na sani. Kada ka ɓoye mini, Lawali. Wanne ne?"

Lawali ya ce, "Mushe, akwai maganar da nake so in yi."

"Mi?"

Ya matsa, ya sake faɗa. Mushe ya karkato kunnen dama, ya kare shi da tafin hannu, ya ce ya ɗaga murya, shi ba ya jin raɗar 'yan mata.

Sai a nan Lawali ya ga abin da bai lissafa ba a masallaci. Duk kalmomin da ya shirya masu taushi ne: Allah Ya yi ikonSa, sai haƙuri, kowa da ranarsa. Irin waɗannan a hankali ake faɗinsu, kai a sunkuye. Shi kuwa sai ya kafa baki a kunnen tsohon nan ya ƙwala su, yadda maƙwabta za su ji, kuma wataƙila ya maimaita sau biyu ko uku, kalma-kalma, har a gane. Ya sunkuya har yana jin ƙanshin sabulun wankan asuba. Tsagen kuncin na gaban idonsa, sun nutse cikin tamoji, su ne ya bi shekara uku yana nema a gilashi. Ya ja numfashi ya cika ƙirji.

Numfashin ya fita shi kaɗai, babu magana a ciki.

Mushe ya jira. Da ya ji shiru ya sauke hannun daga kunne, ya ajiye bisa gwiwa. Ya juya fuska wajen bango, a hankali, kuma Lawali ya gane cewa tsohon ya ɗauki shirun a matsayin amsa: yaron ya ƙi hular.

Lawali ya zuge jakar.

Ya zauna kan tabarma ya buɗe ordinatar bisa cinya, ya wuce shiri na sha huɗu, ya wuce na goma, ya gangara har ƙasan dosiyen, inda na farko yake. Juya hoton bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Ya jona igiya da rakoda, ya saka sabon kaset, ya danna ɗauka. Ƙarar nan ta cika ɗakin, tsuwa mai kaifi kamar ta gyare dubu, wadda ita kaɗai Mushe ke ji ba a ɗaga masa ba. Tsohon ya juyo daga bango.

Minti huɗu kaset ɗin ke ɗauka. Fasuma ta ji ƙarar ta zo ta tsaya bakin ƙofa, hannunta na ɗigar ruwa. Lawali bai ɗago ya dube ta ba. Ya mayar da kaset farko, ya jona rakodar da tsohuwar na'ura, ya kama yatsan Mushe ya ɗora bisa maɓalli, domin kullum shi ke dannawa.

Hoton daga sama yake saukowa, layi bayan layi, kamar ana sauke labule. Da farko bango, toka-toka. Mushe ya kusanto da hanci jikin gilashi. Minti guda ya wuce babu komai sai bulo. Sai wani ɗan shuɗi ya ɓullo a tsakiya, ya faɗaɗa, ruwan ɗorawa ya shigo cikinsa, zanen ɗinkin marigayiya ya fara fitowa gida-gida. Waɗannan launuka na'urar tana da su. Hular ta fito kamar a miƙa hannu a ɗauka.

Mushe ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ya ɗora yatsu biyu kan shuɗin.

Layin ya ci gaba da sauka, ya bar bakin hula ya shiga goshi. A daidai nan Mushe ya cire tabaransa. Ya kama bakin riga ya fara goge su, gilashi ɗaya, sannan ɗayan, sannan ya koma na farko. Bai saba haka ba. Kullum ba ya ko ƙiftawa har hoto ya gama. Lawali na kallon fuskar tana sauka, baƙi da ja, dunƙule guda, fararen ido biyu, babu hanci, babu kunci, babu tsage. Fuskar kowa. Sai da layin ya wuce haɓa ya kai wuyan riga tsohon ya mayar da tabarau.

Ƙarar ta tsaya. A bayan Fasuma, Ya'u ya baro zaure ya zo yana leƙe ta kan kafaɗarta. Yana kallon yatsun Baba na shafa hular da ke kansa a hoton.

"Ya sa ta," in ji Mushe. Ya sake cewa, ƙasa-ƙasa, "Ya sa ta."

Ya daɗe a haka. A waje iska ta fara kaɗa kwanon rufi, an ji mata na kiran a kwashe shanya. Sannan ya ja baya ya jingina, yana haki, ya dubi sauran hoton sama da ƙasa da irin kallon da yake yi wa takardar jarrabawa.

"Aikinka ya koma baya, Lawali. Huɗu bisa ashirin."

Lawali ya ɗago kai. Makin da aka ba shi ke nan shekara uku da suka wuce, ba ƙari ba ragi. Ya dubi fuskar tsohon yana neman wani abu, ko tuhuma, ko sani, ko roƙo. Bai ga komai ba sai hasken tele a jikin tabarau.

"Amma shi ne, ko?" in ji Mushe. Ba Fasuma ya juya wa ba. Kunnen dama ya karkato wa Lawali, ya kare shi da tafin hannu.

Lawali ya tashi kan gwiwoyinsa. Ya kafa baki a kunnen, ya ɗaga murya yadda za a ji har zaure.

"Shi ne, Mushe."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce a bar telen a kunne, kada a taɓa. Ya lalubi aljihun rigarsa ya zaro bik, alƙalaminsa, ya miƙo, ya ce a rubuta a sa cikin kwali tare da sauran, kuma wannan karon a sa wata, domin ya lura Lawali ya koyi lalaci, wata biyar ba ya sawa.

Lawali ya ciro kaset ɗin daga rakoda. Da ɗumi a jikinsa. Ya ɗora shi bisa gwiwa, ya rubuta Nabil, ya rubuta Agusta, ya saka shi a ƙarshen layi.